Bazarar da Na Bar Mahaifina Yana Ban Ruwa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai mahaifina, Malam Tanko mahauci, makwancinsa. Duk lokacin da bazara ta kama, zafin Garuwa ya kori mutane daga ɗaki, Binuwai ta janye ta bar rairayi, sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai kuma in fasa. Bana ban fasa ba. Waɗanda suka san shi ba su buƙatar yabona. Abin da ya kawo ni shafin nan shi ne wani abu da na yi masa, wanda ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba.

Naman shanu Baba yake sayarwa a kasuwa, kamar yadda ubansa ya yi. Abin da ya raba shi da sauran mahauta wani ɗan fili ne a bayan gidanmu, bai wuce taku ashirin ba, kewaye da darni. Babu wanda ya koya masa lambu. Da ido ya tara iliminsa. In ya kai nama gidan wani Bature na kamfanin auduga, ba ya saurin fitowa, sai ya tsaya yana kallon yadda aka jera shuka, gajeru a gaba, dogaye a baya. A can ya roƙi reshen wata itaciya mai jan fure mai hawa katanga, ya zo da shi cikin kwandon nama. Ranar Juma'a bayan an sauko sai ya gangara bakin kogi wurin masu albasa, ya tsuguna yana tambayarsu da gurgun Fulatancinsa yadda suke tsaga fangali har ruwa ya bi da kansa. Ko zanen Inna bai tsira ba. Ya taɓa shimfiɗa atamfarta a tsakar gida ya ce haka yake so lambun ya fito, ja a gefe, kore a tsakiya. Inna ta fizge zanenta ta ce ya je ya saya wa lambun nasa.

Aikin bazara ne ya fi wuya. Kowa jiran ruwan sama yake, shi kuwa ya riga ya zuba iri a gwangwanayen madara, ya jera su a inuwar zogale. Takinsa daga mayanka yake zuwa, abin da ake zubarwa daga tumbin shanu, ya shanya shi ya bushe. Da asuba kafin ya tafi yanka zai ja ruwa daga rijiya, da yamma ya sake ja, ga rijiyar ta yi ƙasa har igiya tana kusan ƙarewa. 'Yan uwansa mahauta suna yi masa dariya, suna ce masa Tanko mai fure. Amsarsa ɗaya ce: yini yake cikin jini, in ya dawo gida yana so ya ga abin da ke tsirowa.

Shi ya kai ni lakwal, makarantar boko, a lokacin da sauran mahauta ke kai 'ya'yansu mayanka. Da na samu aikin buga takardu a wani biron gwamnati, wato ofis, sai ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Akawu, yana faɗa yana murmushi.

Shekarun nan ne aka fara sabunta gari. Shugaban ƙasa na lokacin ɗan garin nan ne, kowane babba yana so a ga hannunsa a gyaran garin shugaba. Farkon wata bazara shugaban bironmu ya ajiye mini jerin gidajen da sabuwar hanya za ta yanka, da taswira biyu. A ta farko hanyar miƙe take, ta bi ta katangar wani attajiri da ke gabanmu. A ta biyu ta ɗan lanƙwasa, ta bar katangarsa, ta bi ta bayan gidanmu. Ta biyun ce aka sa wa hannu. Ya ce da ni wannan sirri ne, in ya fita, daga bakina ya fita. Masu shekaru irin nawa sun san abin da wannan magana take nufi a wancan lokaci, sun kuma san har yau abin bai sauya ba sosai.

Na buga sunan mahaifina da yatsuna. Na koma gida na tarar da shi a bakin rijiya.

Wata biyu da wani abu na yi ina kallonsa. A shekarar ce ya fi zuba ƙarfi, domin wani dillalin shanu ya kawo masa dashen lemo daga garin Tinyar, nannaɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Wata rana da yamma ya kira ni ya ce, “Akawu, kai da ka yi karatu, lemon nan kusa da rijiya ya kamata ko jikin darni?” Na ce, “Jikin darni, Baba.” Na san ta jikin darnin katafila za ta fara shiga. Wannan ne yake ci mini rai har yau. Komai nasa a gwangwani yake a lokacin. Da na ce masa kalma ɗaya, da ya kwashe su zuwa gidan ƙanwarsa, babu wanda zai san dalili. Na ji tsoron a kore ni, na ji tsoron abin da ya fi kora, na kuma yi ta gaya wa kaina wataƙila a fasa aikin.

Ruwan farko ya sauka, Baba ya yi dashe. Bayan mako uku kuɓewa ta yi ganye huɗu, yakuwa ta rufe ƙasa, lemon ya fitar da sabon toho. Sai aka zo aka shafa jan fenti a bangonmu. Washegari da hantsi katafila ta iso. Baba ya fito da wuƙarsa a ɗamara, yana shirin komawa kasuwa, ya tambayi shugaban leburori wa ya ba da izini. Mutumin ba mugu ba ne, so ya yi ya kwantar masa da hankali. Ya ɗaga takarda ya ce, “Haba Baba, ai ɗanka ne ya buga ta. Bai gaya maka ba?”

Ina tsaye a ƙofar zaure. Baba ya juyo.

“Tun yaushe?”

“Tun farkon bazara, Baba.”

“Kana kallona ina jan ruwa.”

“An hana ni faɗa.”

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, “To, sannu da aiki, Mushe.”

A garin nan Mushe ake ce wa ma'aikacin biro don girmamawa. A bakin mahauci kuwa, kun san abin da ake kira mushe. Ban taɓa tambayarsa wanne yake nufi ba, kuma da wannan suna ya ci gaba da kirana.

Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya ci gaba da zuwa kasuwa, yana cin abinci, yana amsa gaisuwata. Amma bai sake zuba iri a gwangwani ba. Daminar da ta biyo baya zazzaɓi na kwana shida ya ɗauke shi. Inna takan ce in kwantar da raina, ai a gabanta ya ce ya yafe wa kowa. Na yarda ya faɗa. Sai dai ina zaune a gefen tabarmar, kuma bai dubi inda nake ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai leƙo yau. Hanyar da aka rusa masa lambu dominta har yanzu ba a zuba mata kwalta ba. Ruwan damina ya ƙwaƙule tsakiyarta ya zama kwazazzabo, unguwa tana zubar da shara a ciki. Attajirin da aka lanƙwasa ta dominsa ya daɗe da tashi zuwa sabuwar unguwa. A manyan tituna kuma, duk lokacin da babban baƙo zai zo, sai a kawo furanni a mota a dasa su cikin yini ɗaya, tankar ruwa tana bin su. Jirgin baƙo na tashi, tankar ta ɓace, cikin mako su ƙone. Ina jin Baba zai tsuguna ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya ga ko taki ba a sa ba, ya tashi ya karkaɗe hannu.

Ni kuwa an ƙara mini girma sau biyu. Yanzu ni ke ajiye wa wasu takarda in ce sirri ne. Gidan gwamnati aka ba ni, da fili a bayansa wanda ya ninka na Baba sau uku. Share shi kawai ake yi.

In aka auna abin da ya rage na Malam Tanko, ba shi da yawa. Wuƙaƙensa suna hannun wani ɗan ɗan'uwansa. Sai kuma suna. Masu tasi suna kiran kwanar nan Lambu, fasinja ya ce a sauke shi a Lambu, ya sauka a bakin shara bai tambayi dalili ba. Kwanan baya ɗiyata ta fari, wadda ba ta san kakanta ba, ta tambaye ni a cikin tasi me ya sa ake kiran wurin haka alhali ko ciyawa babu. Direba ya ce shi ma bai sani ba, haka ya taras.

Na ce mata in mun isa gida zan gaya mata. Ta iya karatu yanzu. Zan ajiye mata jaridar nan a kan tabarmarta.