Ƙwayoyin Maganin Inna

Shekarar da aka mayar da ofishinmu Abuja na kama ɗaki a Mararaba, sai ranar Juma'a da yamma nake komawa Keffi wurin Inna, a Gangaren Tudu. A lokacin ne likita ya ce tana da hawan jini, ya rubuta mata magani, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ƙwaya hamsin da shida, na sati huɗu cif. Da hannuna na ƙirga su na zuba mata a 'yar roba.

Juma'ar farko aiki ya riƙe ni. Ta biyu da na zo, Inna tana tsakar gida tana alwala, sai na juye robar a kan tabarma. Ashirin da takwas ya kamata in gani. Goma sha huɗu na gani.

Na sake ƙirgawa. Na ɗaga tabarma, na leƙa ƙarƙashin gado. Arba'in da biyu sun tafi cikin kwana goma sha huɗu. Na raba a bayan katin asibiti, lissafin ya ba ni uku-uku a rana, babu ko ɗaya da ya yi saura. Da da saura, da na ce zubewa suka yi. Ko tana sha ne ta manta ta sake sha? Ko shida-shida ta yi ta sha har sati guda? Na tuna jirin da ta ce mini ta yi a waya.

"Inna, guda nawa kike sha a rana?"

"Biyu mana. Ba haka kika ce ba?"

"To ina sauran?"

Ta daɗe tana gyara ɗaurin ɗankwali kafin ta nuna katanga da haɓa. A bayan katangar akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Eggon, 'ya'yanta duk sun tafi aikin gini Abuja.

"Kanta na sara irin nawa, 'yar nan. In na sha na safe sai in miƙa mata ɗaya. Ai ciwon ɗaya ne."

Na zauna daɓas a ƙasa. Inna dai ba ta wuce ƙa'ida ba, amma ga wata baiwar Allah ta yi sati biyu tana shan maganin da ba wanda ya auna ta ya ba ta.

Washegari na sa su duka biyun a keke napep muka tafi asibiti. Aka auna tsohuwar, jininta ya hau ƙwarai, amma wani magani dabam likita ya rubuta mata saboda ƙafafunta da suka kumbura. Ya yi mana faɗa sosai, ni na sha mafi yawa.

Har muka iso gida Inna tana fushi da ni. Wai na kunyata ta a gaban likita.