Inda Baba Yake Sauka

Ni dai tun ina ƙarami ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Makaranta a tsakiyar sakandare na bar ta. Na zauna a shagon cajin waya, na yi wankin mota, na ɗan ja adaidaita sahun wani har ya karɓe abinsa saboda gudu. A gidanmu na Gyadi-Gyadi in aka ji an bugo ƙofa da ƙarfi to na shigo, in aka sake jin ta to na fita.

Baba kuwa ba haka yake ba. Masinja ne a ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya, kuma duk aikin nan a kan keke ɗaya ya yi shi. Baƙin keke ne irin na da, mai birkin ƙarfe da sirdin fata, da kariya a baya wadda za ta ɗauki buhun masara ko a jikinta. Ga ƙararrawa, ga fitilar da taya ke kunnawa, ga famfo a maƙale. Sandar tsakiya ya naɗe ta da koren tef don kada fenti ya goge. Kullum sai ya share shi da tsumma kafin ya karya kumallo. Ban taɓa hawansa ba. Bai ba ni ba, ni ma ban roƙa ba.

Tun da ya bar aiki, in an yi la'asar sai ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba ya nufi Tarauni. Can kusa da kasuwa akwai wata darbejiya da tsofaffin abokan aikinsa suke majalisa a ƙarƙashinta. Amma ba ya isa gabansu a kan keke. Akwai wata falwayar wutar lantarki kafin a kai wurin, a nan yake taka ƙasa ya sauka, ya turo keken da hannu, sannan ya yi sallama. Na taɓa ce masa, "Baba, ai sa'anninka ne." Ya ce, "A cikinsu akwai wanda ya riga ni fara azumi. Ba na gaishe shi daga sama."

Sai hawan jini ya buge shi, ɓarin hagu ya shanye. Ya kwanta a asibiti, aka sallamo shi, aka yi ta kai shi gashin ƙashi har ƙafar ta ɗan dawo. Yana iya ratsa tsakar gida da sanda, amma ya ce ba wanda zai gan shi da sanda a waje. Ya daina fita. Daga nan ya fara ture kwano. Inna ta yi tuwo, ta yi fate, ta dama kunu, sai dai ya taɓa ya juya fuska bango.

Maƙwabciyarmu nas ce, 'yar kudancin Kaduna, Sista muke ce mata. Ita take leƙowa ta auna masa jini. Wata rana ta ja Inna zaure, ina jin su, ta ce, "Mama, ƙafar nan ba ita ce take damuna ba. In Baba bai fita ya ga mutane ba, kwanciyar nan ce za ta tafi da shi."

Na shiga na ce masa zan samo adaidaita in kai shi majalisa. Ya ce, "A loda ni kamar kayan miya?"

Na ce to ya hau kariya in tuƙa.

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Ni a baya, kai a gaba? Kai da ko akuya ba ka kaucewa?"

Na fito raina a ɓace, na zauna kusa da keken. Ina kallon kariyar nan sai abin ya zo min. Na koma na ce, "Baba, kai za ka tuƙa. Kai ne a sirdi, kan keke a hannunka. Ni dai zan riƙe baya in tura." Ya leƙa keken ta ƙofa. Can sai ya ce, "Tayar baya ba iska."

Na ba taya iska, na zuba wa sarƙa mai, na sauke sirdin ƙasa yadda ƙafarsa mai lafiya za ta taɓa ƙasa. Sista ta duba ta ce ba laifi, amma a hankali, kada in saki. Da la'asar Baba ya sa farar rigarsa, ya ɗaure ƙafar wando da hannu ɗaya, ya ƙi a taya shi. Muka ɗora shi. Inna tana bakin ƙofa ta ce min, "In ka kayar min da shi, ka wuce can kawai, kada ka dawo."

Wallahi ban taɓa tafiya a hankali irin ta ranar ba. Hannuna ɗaya a kariya, ɗaya a ƙarƙashin sirdi, na sunkuya, gumi yana shiga min ido. Baba kuwa ya miƙe baya kamar yana kai takardar ofis. Yana kaɗa ƙararrawa da kansa, yana ce min, "Rami. Hagu. Kai, ba tsere muke ba." Masu adaidaita suna ta danna mana ham. Da muka zo shagon cajin waya abokaina suka taso suna dariya, ɗaya ya ce, "Gaye, yau kai ne injin?" Na ce, "Ni ne, kuma ba na shan mai." Mai shayi ya ɗaga murya, "Baba, ya jiki?" Baba ya kaɗa masa ƙararrawa. A babban titi wani mai rake ya ajiye wuƙarsa ya tsayar mana da motoci har muka tsallaka.

Muna isa falwayar nan sai na ji keke ya cije. Baba ya ja birki.

Na ce, "Baba, saura kaɗan. Bari in kai ka gabansu. Kowa ya san ba ka da lafiya."

Ya ce, "Ƙafata ce ta shanye. Kwantar da keken."

Na karkata shi, na ɗaga masa ƙafar hagu ta tsallake sandar. Ya tsaya, ya damƙi kan keken, ya jingina ƙugunsa da sirdi. Ya ce, "Saki."

"Sista ta ce kada in saki."

"Sista tana nan? Saki."

Na saki. Ya tura keken kaɗan, ya jawo ƙafa. Ya sake turawa, ya sake jawowa. Ina binsa a baya hannuwana a buɗe, ban taɓa shi ba. Wanda bai sani ba zai ce dattijo ne kawai yake tura kekensa. Tsofaffin suka hango shi. Ɗaya ya yunƙura zai taso, wani Alhaji mai farin gemu, wanda ya girme su duka, ya riƙe masa riga ya ce, "Zauna. Bar shi ya iso."

Ya iso. Ya yi sallama da muryar da na daɗe ban ji ba, suka amsa gaba ɗaya. Alhajin ya ce, "Malam, ka makara. Mun ce ko ka sayi mota ne ka daina kula talakawa."

Baba ya ce, "Direba dai na ɗauka."

"Wannan ba shi ne mai gudun nan ba?"

"Shi ne. Yau ko kaza bai taka ba."

Suka matsa masa a benci. Na kafe keken a jikin bishiya na koma gefe, bayana kamar zai ɓalle. Aka kira mai ƙosai. Ina kallo Baba ya ci nasa, ya miƙa hannu cikin na Alhaji, suna ta musu a kan wani shugabansu na da. Da muka dawo gida ya tambayi Inna ko akwai sauran tuwo. Ta shiga kicin, na ji tana jan hanci.

Tun daga ranar, duk inda nake yawona, la'asar a gida take samuna. Abokaina sun gaji da tsokana sun bari. Yanzu ni nake share keken da safe, shi kuma yana kan tabarma yana nuna min inda na tsallake. Rannan ya aike ni in kai wa Alhaji maganin tari a majalisa, ya miƙo min makullin keken ba tare da ya kalle ni ba. Na hau, na bi titi iska tana dukan fuskata, ba ƙarya, na ɗan taka. Da na dawo bai tambaye ni saƙon ba, sai ya ce, "A ina ka sauka?"

Na ce, "A falwaya."

Ya ce, "To goge madigadin taya, ka kwaso taɓo."