Ranar Da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun kakar bara waccan ban ce uffan ba a nan. Masu aiko da "Malama Asma'u lafiya kuwa?" ku yi haƙuri, ina gani, bakina ne ya yi nauyi.

Da kasala abin ya fara. Muna gyaran masara a tsakar gida, ɗaga faifai ya gagare ni. Fitsari ya koma kamar shayi, ido ya yi rawaya. Kowa ya ce shawara ce. Na sha jiƙe-jiƙe, har daga kasuwar Danja aka kawo mini wani. Da amai ya ƙi tsayawa, maigida ya ce sai asibiti.

A Funtua aka kwantar da ni. Ɗibar jini, hoton ciki, ƙarin ruwa. Waken suyan da muka ajiye don rani, a gwaji ya tafi.

Likita ya ce ciwon hanta ne, nau'in B. Sai ya tambaye ni, "Hajiya, me ya yi ajalin mahaifiyarki?"

Na ce kumburin ciki, aka ce sammu ne.

Ya ce, "Da yawa wurin haihuwa suke ɗauka, daga jinin uwa. Yakan kwanta shekaru ba a sani ba. Ki kawo 'ya'yanki duka a gwada."

Tsorona a ranar ba mutuwa ba ne. Haƙƙi ne. Na ware kofina da kwanona, har wata ma'aikaciyar jinya ta yi mini dariya. "Mama, ba a tuwo yake ba. Jini ne, da aska, da allura, da kwanciyar aure. Ki ci da iyalinki."

Maigida da ƙananan yara suka fito lafiya, aka yi musu rigakafi. Saura 'yar farina.

Kun san kunyar ɗan fari. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake cewa, ko "waccan". Yayata, Yaya Kulu, ita ta raine ta a Malumfashi har ta aurar da ita. Ga shi tana ɗauke da cikin fari. Likita ya ce in tana da cutar, jaririn na iya ɗauka ranar haihuwa, sai in an yi masa allurar rigakafi cikin awa ashirin da huɗu.

Na roƙi Yaya Kulu ta gaya mata. Ta ce, "Ki rufa wa yarinya asiri. So kike dangin miji su ce mun kai musu cuta?"

Sai na shiga mota da kaina zuwa gidan 'yar tawa.

Muka gaisa, na zauna kan tabarma ina kallon ƙasa. Da ƙyar na ce, "Bilkisu."

Ta saki ludayin da ke hannunta. "Inna, wa ya rasu?"

Na ce ba kowa. Na gaya mata komai, muka yi kuka, muka yi dariya. Aka gwada ta, tana da shi. Mijinta, Allah Ya yi masa albarka, shi ya riƙa kai ta awo. Aka ba ta ƙwaya ta sha a watannin ƙarshe don cutar ta ragu a jini.

Naƙuda ta zo da sauri, wata safiya, a gidan Yaya Kulu inda ta je goyon ciki, ni ma ina can. Kafin a nemo mota yarinya ta faɗo. Ana gama wanka na naɗe ta a zane.

Yaya ta tare ƙofa. "Ina za ki? Jariri ba ya fita kafin suna! Iska za ki kai ta ta sha?"

Ban taɓa musu da ita ba a rayuwata. Na ce, "Yaya, ki yafe mini, yau ba zan ji maganarki ba."

Ta ƙare mini kallo. "To tsaya in ɗauko mayafi. Ke da ko 'yar farinki ba ki goya ba, ina kika iya riƙon jariri?"

Ita ta riƙe ta a cikin adaidaita, ita ta miƙa cinyar jaririyar ga mai allura kafin azahar. Ranar suna kuma ita ta sa wanzami ya buɗe sabuwar reza a gabanta.

Aka cika wa yarinyar sauran alluran. Makon jiya aka gwada ta, tana tsaye tana dafa bango.

Ba ta da shi.

Allahu Akbar! Abin da nake zaton ya bi mahaifiyata, ya bi ni, ya bi Bilkisu, a kan wannan yarinya ya tsaya.

Ni kam ina shan ƙwayata kullum. Likita ya ce ba a ce ta fita ba, amma ta kwanta, hantata ta huta. Na koma aikina da karatuna.

'Yan uwa mata, duk mai ciki ta nemi gwajin hanta a wurin awo. Allurar ranar haihuwa kada a jira suna. Uwa ta ba da nono, ba laifi. Ido in ya yi rawaya, asibiti tukuna.

Na gode wa Allah, na gode wa maigida da Yaya Kulu da masu yi mini addu'a.

Yarinyar, sunana aka sa mata. Yanzu Bilkisu ce ba ta iya faɗa. Ni kuwa da na ɗaga waya, sunan Bilkisu nake fara kira, da ƙarfi.