Shekarar da Bijimai Suka Ƙi Ni

Ni fa ban ci nanin ba, amma sai da nanin ta ci ni. Ina zaune lafiya a kan babur ɗina a Funtua, ina jiran fasinja, aka aiko wai Baba na nemana a ƙauye. Wai ƙanena ya samu gurbin karatu a jami'a, ya ce shi bana ba zai tafi ba, sai baɗi. To ina ruwana? Ni na rubuta masa jarabawar?

Ashe da ruwana tsundum. Baba na da bijimai biyu na huɗa, ƙanen nawa ne ya hore su tun suna maruƙa, shi ya fara aza musu karkiya. Baba kuwa gwiwa ta hana shi bin garma. Ruwa ya zauna, masara ta isa huɗa, makaranta kuma ta ce a zo rajista. Baba ya yanke hukunci: ɗan boko ya tafi bokonsa, ni in kama garma.

Na ce wannan ai wasa ne, wanda ya iya ratsa kasuwar Funtua da buhu biyu a baya, saniya ce za ta gagare shi? Washegari da hantsi na kama. Na yi musu tsawa, suka tsaya suna kallona kamar na zo karɓar haraji. Na ɗaga bulala, suka zabura, na shiga lalubar birki a jikin garma. Kunyar da na ja ta fi hanyar Bakori lanƙwasa, masarar da na binne ta fi wadda na yi wa huɗa yawa. Maƙwabcin gonarmu har ya ajiye fartanya don ya ji daɗin dariya. Ƙanena ya zo, ya sosa wa na dama bayan kunne, ya ɗan yi fito, suka miƙe ɗoɗar.

Da muka koma gida ya sake yi wa Baba bayani. Ya ce ya tambaya, makarantar ta yarda a ɗage shekara guda, za a ajiye masa gurbinsa. Zai fid da damina, ya koya mini shanun, sannan ya tafi hankali kwance. Baba ya nuno ni da leɓe.

"Wancan ma hutun zango ɗaya ya ce zai yi daga sakandare. Har yau hutun bai ƙare ba."

Na ce ni ai ina nan ina nazari, amma babu wanda ya yi dariya. Nan na gane ba masara ce damuwar tsohon ba. Tsoro yake kada ɗa na biyu ma ya ajiye biro ya manta inda ya ajiye. Kawunmu na Malumfashi ya ba da shawarar a sayar da bijiman a riƙa hayar tarakta, ƙanena ya sunkuyar da kai kamar an ce a sayar da ni. Kai, da ni ne ma ina jin da bai damu haka ba.

A ƙarshe dai ya zauna. Na yi damina ina bin bayan saniya, ƙanena na gyara mini hannu yana ce mini ɗalibi. Rumbu ya cika. Da shekara ta zagayo ni na goya shi da jakarsa har tasha, kuma yana can yana karatunsa. In ya zo hutu, sai ya gai da bijimai kafin ya gaishe ni.

Amma ba ni na kashe gardamar ranar ba, ba kuma Kawu ba. Inna ce, tana gefe tana tankaɗe. Baba na cikin faɗin karatu ba ya jiran kowa, ta buga rariya a gefen ƙwarya.

"Malam, makarantar nan dai ta ce za ta jira shi shekara guda. Kai kuma je ka tambayo mana damina, ko za ta jira wannan ɗan acaɓan mako ɗaya."