Filo Uku

Auta, ƙanwata, shekara goma sha ɗaya ta yi tana guga a ɗakin wanki na wani otel. Zanen gado, tawul, rigar filo. In ta ninke zani sai ka ce da wuƙa aka yanke gefensa. Hannunta duk tabon dutsen guga. 'Ya'yanta biyu, mijinta direban babbar mota da ba ya zaman gida, ga farfaɗiya tun tana 'yar shekara tara.

Mu a gida mun san abin yi. In ta faɗi, a janye duk abin da zai ji mata ciwo. In jijjigar ta lafa, a juya ta gefe, a ɗaga haɓarta, kada a sa komai a bakinta. Wanda ya suma harshensa saki yake yi, ya koma baya ya toshe maƙogwaro. Wannan ba sai likita ba.

A wurin aiki kuwa ba wanda ya san tana da ciwon. Wurare biyu sun taɓa sallamarta saboda shi, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Ran nan da hantsi ta faɗi a gindin teburin guga. Mai ninki, aminiyarta, ita ta ba ni labari tana kuka. Wai da jijjigar ta tsaya suka ɗauke ta su huɗu, suka kwantar da ita rigingine a kan tulin zannuwa. Kuma da yake filo ne abin da suka fi yawa da shi, suka jera mata uku. Uku! Kanta ya karyo, haɓarta ta manne da ƙirji.

Sai ta fara minshari.

"Alhamdu lillahi, barci ya ɗauke ta," in ji mai ninki.

Tsohon da ke kula da injin wanki ya leƙo yana dariya. "Hajiyar guga, yau ke ce baƙuwar otel? A kawo miki shayi?"

Suka lulluɓe ta, suka ja ƙofa don kada ƙarar inji ta tashe ta, kowa ya koma aikinsa. Da minsharin ya tsaya, mai ninki ta ce wa sauran barcin ya yi nisa. Sai lokacin cin abinci ta je tashinta, ta tarar leɓenta ya yi shuɗi.

A asibiti, bayan an tabbatar ta rasu, wata nas ba ta ɓoye mini ba. Ta ce wannan ba minshari ba ne, iska ce take neman hanya. Yatsa biyu a ƙarƙashin haɓa da sun isa.

Bayan kwana uku na je karɓar jakarta. Shugabar ma'aikata ta riƙe hannuna.

"Wallahi Yaya, mun yi mata gata. Sababbin filo muka sa mata, waɗanda ko baƙo bai taɓa ba."

"Akwai wanda ya duba ko ƙirjinta yana ɗagawa?"

Na juya ga sauran ma'aikatan.

"Ku goma sha biyu a ɗakin nan, ba mai ido?"

Mai ninki ce ta ɗago daga kan tebur, murya a dishe. "Yaya, da ta faɗa mana ko sau ɗaya, da mun tambaya yadda ake yi. Wa ya ce ta ɓoye mana?"

Na ɗauki jakar na fito. Ni ce. Ni na cika mata takardar neman aikin da hannuna, inda aka tambayi ko tana da wani ciwo na rubuta babu.