Wa ke ɓata min tabarau?

Gara in faɗa da bakina kafin Hajiya ta riga ni: ni ne wawan wannan labarin. Lekwal ɗin da na yi, wato boko, aji uku ne aka koro ni, saboda haka kada a tsananta.

Muna yara a Zermu, da an yi sallar magariba sai mu kewaye kakata Iya Gambo tana suyar gujiya a wutar kara. Ba ta fara tatsuniya sai ta harare ni ta ce, "Maigida, rufe bakin nan, da kunne ake ji." Akwai wadda ta fi son yi. Wai wani mutum ne kullum ruwan randarsa da ƙasa-ƙasa. Ya zargi matarsa, ya kore ta. Ya zargi rijiya, ya sake rijiya. Ya zargi garin, ya yi ƙaura. Can sai wata tsohuwa ta zauna tana kallonsa: ya sha ruwa, ya kife moɗa a rairayi, an jima ya ɗauka ya tsoma a randa. Iya ta ce, "To maigida, me ka gane?" Na ce, "Kar a bar kowa kusa da randa." Ta yi dariya har da tari, ba ta gyara min ba. Da wannan karatun na girma.

Da ido ya fara gajiya aka rubuta min tabarau a Damagaram. Wata huɗu, sai na ga rubutun Alƙur'anina kamar a bayan hayaƙi. Na ce mai shagon ne ya ba ni na banza. Na sake wani, shi ma haka. Sai na koma kan Hajiya Mariama, matata ta shekara arba'in, na ce ko da toka take wanke min shi in na yi barci? Kwana uku ba ta ce min ci kanka ba. Ni kuwa tsoro ya kama ni, kar dai karatun ne zai kuɓuce min.

Ranar kasuwar Mirriya wani ya tare ni da kwalbar magani, wai ɗigo bakwai in jefar da tabarau. Na lura shi kansa sai ya kanne ido yake gane mutane, na wuce. Aka ce ana yi wa ido aiki a asibiti. Shi ma ban yarda ba, amma na je, Hajiya na biye da ni, fuska a ɗaure.

Lokotoron, wato likitar, yarinya ce, sa'ar jikata. Ta ce in cire tabarau. Na cire, na kife a tebur. Da ta gama dubawa na ɗauka na murje da bakin shaddata mai sitati.

"Baba, kullum haka kake yi?"

"In ban da lokacin alwala. Can a dakalin masallaci nake kifewa."

Ta ce idona bai kai ga aiki ba, gilashin ne na kankare. A wanke da ruwa, a goge da ƙyalle mai laushi, a sa a gidansa. Nan Iya Gambo ta faɗo min a rai. Shekara sittin da wani abu, sai ranar na gane wa take nufi.

A mota na ce bari in ɗan ceci girmana. Na ce, "Ni har yanzu aikin nan na fi so, in huta."

Hajiya ko juyowa ba ta yi ba. "A yi maka mana, Malam. Ido dai ba ya ciruwa, balle ka kife shi a siminti ka ce ni ce."