Kawuna Mai Gyaran Keken Ɗinki da Lambar da Ba Tasa Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran keken ɗinki, bayan jinyar kwana tara a asibiti. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ina cikin aji aka zo aka kira ni. Da na hango Umma tsaye a bakin ofishin shugabar makaranta, mayafinta a karkace, nan take na gane.

Ni ba mai magana ba ce, Kawu, ka fi kowa sani. Masu gaisuwa sun cika gida, kowa ya faɗi alherinka, ni kuwa ina lungu ina murza bakin hijabina. Abin da baki ya kasa shi nake rubutawa yau, kwana goma sha biyu da tafiyarka.

Sunan mahaifiyarka aka sa mini, shi ya sa ba ka taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Tun ina shekara goma sha ɗaya nake biyowa shagonka idan an tashi makaranta. Ɗan tsukukun shago ne, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da takarda ɗaure a wuyansa, ƙanshin man keke ya kama har labulen ciki. Bayan labulen nan Inna, matarka, take zama da nata sukudireban tana daidaita jan zare, aikin da kake cewa hannunta ya fi naka sanyi a kansa, ko da yake masu kawo gyara kaɗan ne suka san haka. Ni kuma bencin bayan ƙofa ne nawa. A nan nake karanta littattafan soyayyar da Umma ta hana ni, na lulluɓe su da bangon littafin lissafi. Ka sani sarai, ba ka kuma taɓa tona ni ba. Iyaka idan shiruna ya yi yawa sai ka ce, ko ɗagowa ba ka yi ba, "Uwata, lissafin yau har da hawaye? An raba su ne kuma?"

Ba ka canza ƙarfen da zai gyaru. Sai ka kara kunne, ka juya hannun keken a hankali, ka ce keke yana faɗin ciwonsa da bakinsa, mutane ne ba sa saurare. Na tuna wata tela da kekenta ya tsaya ana saura kwana biyu ta miƙa kayan makarantar yara talatin. Ta kira tana kuka, ana sheƙa ruwa. Ka rufe shago, ka sa jakar kayan aiki cikin leda, ka taka da ƙafa har gidanta. Ka dawo a jiƙe sharkaf kana dariya, wai zare ne kawai ya naɗe a ƙasan allura.

Shekara biyu da suka wuce na roƙe ka ka bar ni in sa shagon a shafin bincike, yadda duk wanda ya rubuta "gyaran keken ɗinki" a wayarsa zai ga sunanka, lambarka da hanyar zuwa. Ka yarda, amma ka tsaya a kaina. Na rubuta cewa kai ne likitan da ke share hawayen teloli. Ka ce, "Goge. Sa lokacin buɗewa, lokacin rufewa, da irin kekunan da muke gyarawa. Kada ki ƙara gishiri." Lambar sirrin shafin kuwa ka bar ta a hannuna, ka ce kanka ya cika da notina, ba wurin ajiyarta. Sannu a hankali waɗanda ka yi wa aiki suka riƙa komawa shafin suna rubuta godiya, har suka haura ɗari da ashirin. Wannan ya sa sunanka ke fitowa a sama, gaban shagunan da suka fi naka girma nesa ba kusa ba.

Sai bara wani saurayi ya shigo, mai yi wa 'yan kasuwa tallar bidiyo. Yana yawo da wata zagayayyiyar fitila a kan sanda, don haka ka sa masa Ɗan Haske. Dogo ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, turarensa ya danne man keke. Ba zan ɓoye maka ba yanzu, Kawu, irinsa ne nake karantawa a kan benci, kuma ni ce na matsa maka ka amince. Ya ce zamanin jiran a neme ka ya wuce, yanzu kai ne za ka shiga aljihun mutane tun ba su san suna buƙatarka ba. Ranar ɗauka ya ce ka kwance wani noti a keke mai lafiya, ka yi kamar ka sha wahala, sannan ka gyara a gaban kyamara. Ka dube shi ta saman tabarau, ka ce, "Samari, shekara talatin ban ɓata keke da gangan ba. Ga masu ciwon gaske nan a jere, zaɓi ɗaya."

Bidiyon ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Cikin mako biyu an kalle shi sau dubu tamanin. Na kasa zama don murna. Kai kuwa ka ɗauko gwangwanayen madara biyu ka ɗora a kan taga. Duk baƙon da ya shigo da keke sai ka tambaye shi, "A ina aka ji labarina?" Idan ya ce bidiyo, maɓalli ɗaya ya faɗa gwangwanin hagu. Idan ya ce ya bincika ne a waya, na dama. Wayarka ta yi ta ƙara a kwanakin nan, amma wani garin da muke yake tambaya sannan ya ce ya yi masa nisa, wata tana so ta san inda ka sayi hularka. Bayan wata uku muka juye gwangwanayen a kan benci. Na dama hamsin da huɗu. Na hagu shida.

"Mai kallon bidiyo a kwance yake, Uwata," ka ce, "ba abin da ya lalace masa. Wanda ya rubuta gyara a waya a tsaye yake, ɗinkin mutane na hannunsa."

Amma ba ka tauye wa bidiyon haƙƙinsa ba. Cikin shidan nan akwai wata dattijuwa da ta ga irin keken mahaifiyarta a hannunka, wanda ta ajiye shekara ashirin a ƙarƙashin gado tana zaton ya mutu. Ita ba za ta taɓa bincika mai gyara ba, don ba ta san akwai gyaran ba. Maɓallin kwat babba ka jefa mata, ka ce wannan ɗaya ya kai goma. Duk da haka, da Ɗan Haske ya dawo yana so a riƙa yin sabo kowane wata, ka yi masa godiya, ka raka shi bakin ƙofa.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Kwana uku da rasuwarka Ɗan Haske ya zo gaisuwa. Ya durƙusa gaban Inna, ya yi addu'a mai tsawo har da share ido. Da zai fita sai ya tsaya kusa da ni a zaure, ya sassauta murya.

"Ƙanwata, nauyin nan ya fi ƙarfinki. Ki ba ni lambar sirrin shafin shagon, in sa sanarwa yadda ta dace, in kula muku da shi. Ai mun zama ɗaya."

A littattafaina, mai zuwa da irin wannan murya ranar baƙin ciki shi ne mai ceto. Saura ƙiris in faɗa masa. Kunya ce ta riƙe harshena, ba wayo ba. Na ce sai na duba.

Washegari wata ƙawata ta turo mini bidiyonka. Ɗan Haske ne ya sake sakinsa, ya sa baƙin zane a gefe da kalaman ta'aziyya. Na kalla sau huɗu ina kuka, don nan ne kaɗai muryarka ta rage mana. A na biyar idona ya sauka ƙasan hoton. Lambar da ke wurin ba taka ba ce.

Ni da ko mai shago ba na iya tambaya farashi, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na kira. Wata mata ta ɗauka, ta ambaci sunan sabon kantin sayar da kekuna da aka buɗe a bakin babban titi. Na ce ina neman mai gyaran da ke cikin bidiyo. Ta ce, "Ayya, tsohon ya rasu, shagonsa ya rufe. Ki kawo tsohon kekenki mu karɓa, ki cika ki ɗauki sabo."

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma kai ka hana ni yanke hukunci kan abin da ban gani ba. Da na tura masa saƙo ya ce kuskure ne wajen haɗa aiki, tallar kantin ma shi ke yi musu, lambobin ne suka cakuɗe. Mai yiwuwa. Amma kwana takwas ke nan kuskuren bai gyaru ba, kuma sau uku yana tuna mini maganar lambar sirri. Na zauna na yi ta juya abin. Masu kallo dubu tamanin yana da su, me zai yi da ɗan shafinmu? Sai na tuna su wane ne ke zuwa ta can: masu keke a hannu, masu neman taimako a ranar. Duk mai riƙe da lambar sirrin zai iya canza lambar waya cikin minti ɗaya, godiyar mutum ɗari da ashirin ta koma nuna wata ƙofa. Da na faɗa wa Inna, ta ce, "Idan kika ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi. Shagon nan da shi zan ciyar da ƙannenki."

Shekaranjiya ya dawo da kansa, ya same ni ina share ƙofar shago. Ya yi murmushi, ya kira ni ƙanwata. Ban iya kallon fuskarsa ba, tsintsiya nake kallo. Amma na faɗa, kuma ya ji.

"Amana ce Kawu ya ba ni. Ba zan bayar ba. Ka cire lambar nan daga ƙasan fuskarsa."

Ya ce ashe haka nake. Na ce e.

Saboda haka, ga duk wanda wannan rubutu ya iske: shagon Kawu bai rufe ba. Lambarsa ita ce wadda ke shafin bincike, ba ta canza ba, tana hannun Inna. Idan kwanakin takabarta sun cika za ta ɗage labule ta zauna a kujerar gaba. Wata lamba da kuka gani a wani wuri, ba mu san ta ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa gaskiyar da ya riƙe a sana'arsa ta yi masa jagora zuwa Aljanna. Ka ba Inna haƙuri da ƙarfin hannu, Ka raya 'ya'yansa uku cikin albarka, Ka sanyaya zuciyar Umma da ta rasa ɗan'uwa ɗaya tilo. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangi, ga maƙwabtan layin shago, da duk telan da kekensa ke juyawa yau saboda hannun Kawu. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.